Man Shafawar Goggo Tabawa

Shekara tara ina da rumfa a Balogun,
mai a kwalba, mai a bututu, mai a roba,
wani sunansa madara, wani farin wata.
Ni ce mai sayarwa, ni ce allon talla.
Na yi fari, ƙwarai na yi fari,
irin farin kazar da aka fige da ruwan zafi.

Sai ranar Legas ta zo karɓar bashinta.
Kumatuna suka ƙone kamar ƙosan ƙarshen kasko,
gaɓoɓin yatsu suka ƙi bin sauran jiki,
koren jijiya ya fito a damtse yana gulmata.
A danfo, hanyar Agege,
kwandasta ya ce, "Mama, matsa ciki,"
ni da ko talatin da biyar ban cika ba.

Ran Talata na shiga Mil Sha Biyu sayen albasa.
Laka har idon sawu,
'yan dako na ta "Hanya! Hanya!"
Can na hango ta tana tsinke zogale a faifai,
baƙa wuluk, tana sheƙi kamar nunanniyar ɗinya.
An ce ta zo Ikko tun kuɗin mota na sule.

Na durƙusa, na rage murya:
"Goggo, don Allah, wane mai kike shafawa?"
Ta dube ni daga goshi har haɓa,
ta yi dariya, haƙoran goro a waje.
"'Yar nan, me kika ci jiya?"
Burodi da lemon kwalba.
"Shekaranjiya fa?"
Fanke a gosulo, taliyar leda da dare.
Ta ce, "Kina ta fentin bango
alhali rufin ɗaki ne ke yoyo.
Fata bayan tukunya ce,
abin da ke tafasa ciki shi take gumi."

Ba ta tambaye ni ba ta buɗe jakata.
Ta dumbuza zogale, ta jefa karas huɗu,
rabin gwanda, ƙullin gyaɗa.
"Ki biya wurin Iya Ronkɛ ta ba ki ewedu,
kar sunan ya tsorata ki, lalo ne ya zo birni.
Wake da manja ba abincin kunya ba ne.
Ga teku a ƙofar gidanki,
kifi na tsalle a Makoko,
ke kina nan kina taunar iska.
Ki sha ruwa kafin ƙishi ya yi sallama,
ki kwanta da wuri, Legas ba ta guduwa."

Na ce, "Goggo, tsada fa?"
Ta ce, "Nawa ne kwalba ɗaya?"
Na yi shiru.

Wata guda, madubi bai ce uffan ba.
Na kusa komawa gidan jiya.
Wata uku, wata biyar,
launina ya fara dawowa a hankali
kamar ɗan gida da aka kora,
yana tsaye a soro, yana jin nauyin shigowa.
Na ce shigo, ni na yi laifi.
Tabon kuncin hagu ya ƙi tashi.
Na bar shi, shi ne rasidina.

Goggo ma tana da tamoji, na gani daga baya,
uku a goshi, wasu a gefen ido,
amma sun zauna mata kamar aikin zare a wuyan riga.

Jiya wata yarinya ta tsaya a rumfata,
kuɗi a dunƙule, ido a fuskata.
"Anti, wane mai kike shafawa?"
Kwalabe a bayana, kuɗin haya na jirana.
Na dubi kanta, na dubi yarinyar.
Na jawo mata kujera.
Na ce, "Zauna tukuna.
Me kika ci jiya?"